Keken tsere a tuddan Jigawa da kudancin Kano: amsoshin tambayoyinku

Wani mai karatu daga Dutse ya rubuto cewa ya shekara 6 yana tuƙa keke, yanzu yana so ya riƙa yin dogon zango wajen Birnin Kudu da Gwaram, wata rana ma har Riruwai. Ya ga kekuna biyu na gwanjo: ɗaya na kabon, wato zare mai tauri da aka daskarar ba ƙarfe ba, marar nauyi, da siraran tayoyi masu faɗin milimita 23, ɗayan na alminiyam, ya fi nauyi da kusan kilo biyu amma ya fi araha. Wanne zai ɗauka?

Malam, kafin ka ɗaga keken ka ji nauyinsa, tsuguna ka ƙirga haƙoran giya. Yawancin kekunan tseren da ake kawo mana an haɗa su ne don masu gasa: farantan gaba haƙora 53 da 39, babban na baya kuma 25. A giyar da ta fi laushi a irin wannan, in ka juya feda sau ɗaya tayar baya za ta juya sau ɗaya da rabi. A shimfiɗaɗɗen titi ba laifi. Amma ka iso gindin tudu bayan ka ci kilomita 80, rana ta take, sai ka ga ka miƙe tsaye kana danna feda kamar mai kirɓa sakwara, gwiwa ce kuma za ta biya bashin. Abin da za ka nema shi ne 50 da 34 a gaba, 32 ko 34 a baya. Da wannan kana zaune a kan sirdi za ka haye, kana numfashi kamar mutum.

Gaskiyar magana, Jigawa ba ƙasar dogayen hawa ba ce. Duwatsun Dutse da na Kazaure da Roni suna da kyan gani, amma titi yakan bi ta gefensu ne, tuddan gajeru ne, ka hau ka gangara ka sake hawa. Hawan da zai tambaye ka sunanka yana can kudancin Kano, wajen Doguwa da Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Can ɗin kuma sai an ratsa dajin Falgore, ba na ba kowa shawarar ya shige shi shi kaɗai a keke. A tafi cikin ayari, a fara tambayar direbobin hanyar halin da ake ciki. To a irin ƙasarmu kilo biyu ba shi ne zai hana ka isa ba. Ramuka da tudun hana gudu na bakin ƙauyuka su ne abokan karawarka.

Nan ne na kabon yake ba ni tsoro. Kabon in ya bugu yakan tsage ta ciki, fenti yana nan lafiya lau a waje, kai kuma ba ka san irin wurgin da aka yi da shi a kwantena ba. Alminiyam in ya ji ciwo yawanci za ka ga lotsawa ko tsagewa a bakin walda. Duba kuma ko ƙafafun keken za su karɓi taya mai faɗin 28, in son samu ne 32. Da yawa daga cikin tsofaffin kekunan tsere ba sa wuce 25. Ni dai in kuɗina ne, na alminiyam zan ɗauka, ragowar in sayi tayoyi masu kyau da hular kwano. In giyarsa ta kamfanin Shimano ce, samfurin Sora ko Tiagra, ka more, don kayanta sun fi sauƙin samu a Kano. Sai dai kafin ka sa babban haƙori a baya, a tabbatar abin da ke sauya sarƙar mai dogon hannu ne, gajeren ba kowanne ne ke ɗaukar 32 ba.

Tambaya ta biyu daga Rano ta zo. Mai ita ya ce duk fita sai ya yi faci, wani lokaci sau biyu, shin ya koma taya marar tub?

Ɗan'uwa, fara gano abin da ke huda ka. In ka ciro tub ka ga ƙananan huji biyu gefe da gefe kamar sarar maciji, ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi kaɗan ka faɗa rami, bakin gare, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ya matse tub ɗin. In huji ɗaya ne, shafa cikin tayar da yatsa a hankali, sau da yawa za ka ji tsinin tsidau ko ƙayar aduwa a maƙale, ita ce za ta sake huda sabon tub ɗin kafin ka bar wurin. Yawanci kuma ba a kan kwalta ake kwaso ta ba, sai an ratse gefen titi don kauce wa tirela ko an tura keken ƙarƙashin bishiya a huta.

Taya marar tub tana maganin ƙaya sosai, ruwan da ake ɗurawa a ciki yana toshe huji kana tafiya. Amma zafinmu yana busar da shi da wuri, sai ka riƙa ƙarawa duk bayan 'yan watanni, kuma sai garenka na irinta ne. In ba ka da tabbacin samun ruwan a kai a kai, zauna a kan tub, ka sayi taya mai kariyar huji, ka riƙe tub biyu da ƙaramin famfo. Ga wani abu da ya taɓa zaunar da ni a wani ƙauye har la'asar: bawul ɗin keken tsere siriri ne, famfon mai facin ƙauye kuma na bawul ɗin babur ne. Bawan Allah ya juya shi ya juya, ya ce, "Alhaji, wannan bakin ai ba namu ba ne." Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kan bawul ɗin don famfon babur ya kama shi, bai kai kan yatsa ba. Sayi biyu.

Wani kuma daga Ringim yana tambayar man sarƙa, ko baƙin mai zai yi. Ba zai yi ba. Da hunturu ƙura za ta manne masa ya zama kamar yashin goge ƙarfe, ya cinye sarƙa da haƙora tare. Nemi man sarƙa mai bushewa, ɗiga kaɗan, goge saura da tsumma. Tun da an taɓo hunturu, iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, don haka ka fuskance ta da safe kana da ƙarfi, ta turo ka gida da rana.

Ya kuma tambayi matsattsen wandon 'yan tsere, ko dole ne. Soson da ke cikinsa yana da amfani a doguwar tafiya, wannan ba musu. Amma za ka tsaya sallah, za ka sayi fura a gaban dattawa, yara kuma dama sun riga sun yi maka zobe suna taɓa birki. Sa shi a ciki, ka ɗora wando marar nauyi a kai, ka cusa ƙafar wandon ta dama a cikin safa don kada sarƙa ta kama.