Waya ta ce iska lafiya lau, yarona kuwa yana kwana da tari

Tambaya: Malam, daga Bagalam nake a nan Maraɗi. Manhajar yanayi ta wayata tana nuna awon SO2, wata iska mai guba da ke cikin hayaƙi, da launin kore, wai iska ƙalau. Amma duk daren da aka ɗauke kuran, maƙwabcinmu ya tada gurup ɗinsa mai shan gazuwal, ɗana mai fuka sai ya kwana yana jan numfashi da ƙyar. Ko wayar ce ta lalace?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Wayarki ba ta lalace ba, hanci ne ba ta da shi. Lambar nan daga intanet take zuwa, kuma galibi ƙiyasin kwamfuta ne da ake haɗawa da bayanan tauraron ɗan Adam, irin Sentinel-5P da Turai ta harba a 2017. Shi kuwa fili mai faɗin kilomitoci yake kallo a dunƙule, bai san da hayaƙin da ke shigowa ta tagarki ba.

SO2 iska ce da ke fita idan an ƙona mai ko kwal mai ɗauke da farar wuta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tsara ma'auninta. A ce gurup ya yi awa biyu yana turnuƙe tsakar gida, sauran awa 22 iska ta wanke wurin. In aka raba wannan hayaƙi a kan yini guda, sai lissafi ya fito kore shar. Mai fuka kuwa cikin 'yan mintuna ƙirjinsa yake shaƙewa, ba ya jiran a gama lissafi.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take da ma'auni biyu: maikirogiram 40 a kowace mita kubik na awa 24, kamar yadda ta sa a 2021, da kuma 500 na minti goma kacal. Amurka ma a 2010 ta ajiye tsohon ma'aunin kare lafiya na yini da na shekara, ta koma na awa ɗaya, ppb 75, wato kashi 75 cikin biliyan ɗaya na iska. 

Kada ki ɗora laifin duka kan SO2. Baƙin hayaƙin gazuwal da kansa yana tada fuka. Ki mayar da shimfiɗar yaron ɗakin da ba ya kallon gurup ɗin, ki rufe tagar wannan ɓangaren. Maigida ya sami maƙwabcin cikin mutunci, a juya bakin salansar ta daina fuskantar gidaje. In yaron ya fara shaƙewa, likita za ki kai shi nan take, ko da wayar tana nuna kore.