Amsa ga Yaya kan ɗage walima saboda ƙwallon ɗalibai

Yaya, barka da war haka. A gaida Hajiya da iyali baki ɗaya.

Saƙonka ya iso, sau biyu na saurare shi. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, yaya za a ɗage walimar saukar yaranmu daga Asabar 30 ga Agustan 2025 zuwa Lahadi saboda ƙwallon Amurka, wanda ake jifa da cafewa da hannu, ƙwallon ma na 'yan makaranta. Ka kuma tambaya ko gaskiya ne wai kocin da ya ɗauko kofin ƙasa baki ɗaya har yanzu wasu na yi masa kallon bai cika ba. Duka biyun haka suke, kuma ban ga laifinka da ka yi mamaki ba, don ni ma na daɗe a garin nan kafin na gane.

Jami'ar Jihar Ohio a nan cikin birnin Columbus na Amurka take. Filin wasanta, wanda aka buɗe a 1922 kuma ake kira kofaton doki saboda siffarsa, yana cin mutum sama da dubu 100, kuma cika yake yi. Wasannin da ake bugawa a gida ba su wuce bakwai ko takwas a shekara, shi ya sa kowace Asabar ɗin wasa take zama kamar ranar hawan salla. Gari ya yi ja wur, kalar ƙungiyar ke nan, tun daga jarirai har tsofaffi masu sanda. Titunan da ke kewaye da jami'ar kuwa ba sa biyuwa.

To a nan maganar walima ta shigo. Da yawa daga cikin mutanenmu tuƙi suke yi, wasu tasi, wasu Uber, kuma ranar wasa ita ce babbar kasuwarsu. Wanda zai ɗauko malam, da wanda zai kawo tukwanen shinkafa, da wanda zai shimfiɗa tabarmi, duk suna kan titi tun safe har dare suna neman na haya da na aikowa gida. In ka sa taro ranar, ka sa ɗan'uwanka zaɓi tsakanin zumunci da abincin 'ya'yansa. Saboda haka duk wanda zai sa ranar biki a cikinmu, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, sai ya duba jadawalin wasanni tukuna. Suna dai ba ma taɓa shi. Ana raɗa shi da asuba a ranar bakwai yadda aka saba, taron cin abincin ne kawai ke matsawa.

Sai kuma yara. Waɗanda aka haifa a nan da wannan ƙungiya suka buɗe ido, ranar Juma'a malamansu ma da jar riga suke zuwa aji. A gidana safiyar Asabar tawa ce, ina kallon Firimiyar Ingila da ƙarfe goma, sha biyu na yi yara su karɓe talabijin. 'Yan gari suna taruwa a wuraren ajiye motoci tun da sassafe, ana gashi ana shan giya. Mu ba ma shiga wannan, ga giya ga naman alade. A bayan gida muke hura gawayi, a yi tsire, a dafa shayi, in an tafi hutun rabin lokaci a tayar da sallar azahar. Na fi son ɗana ya yi ihunsa a gabana da ya je ya yi shi inda ban san da wa yake tare ba.

Batun koci kuma, sai ka fara sanin cewa a ƙwallon jami'a 'yan wasa baƙi ne. Ɗalibi ya yi shekara uku ko huɗu ya wuce, gwanayen su tafi gasar ƙwararru ta NFL. Koci ne ke zama, shi ya sa ƙungiya take ɗaukar kamanninsa. Shi ke bin yara tun suna sakandare, ya shiga falon iyayensu ya zauna kamar mai neman aure, ya yi alkawarin zai riƙe musu ɗa. Namu, Ryan Day, ya karɓi ragamar a 2019 daga hannun Urban Meyer, kuma sabuwar yarjejeniyarsa ta kai kimanin dala miliyan 12.5 a shekara. Su ma yaran yanzu ana biyansu. Tun 2021 aka ba su damar cin kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa ba su kuɗi kai tsaye.

A wasa 80 da Day ya jagoranta zuwa Janairun 2025 ya ci 70. Da a ce Pillars ta samu mai irin wannan hannu, ai da an yi masa waƙa. Amma huɗu daga cikin goman da ya faɗi, Jami'ar Michigan, babbar abokiyar gabarmu, ce ta kayar da shi, a jere, daga 2021 zuwa 2024. Yaya, wannan gaba ta girmi kakanninmu, tun 1897 ake karawa. Makon wasan za ka ga an bi allunan jami'a an liƙe harafin M da jan salatif. Duk ɗan wasan da ya doke Michigan ana ba shi ɗan ƙaramin wando na zinare ya ajiye, al'adar da ta faro tun 1934. Akwai wani koci, John Cooper, da ya ci wasanni masu yawa, amma sau biyu kacal ya doke Michigan cikin karawa 13, kuma da wannan ake tuna shi har gobe.

Na 2024 ne ya fi ciwo. Ranar 30 ga Nuwamba, a cikin gidanmu, Michigan da ta zo a raunane ta ci mu 13 da 10. Aka yi ta kiran a kori Day, har wasu marasa tarbiyya suka yi wa iyalinsa barazana, sai da aka sa masu tsaro a gidansa. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma na zaunar da yarana na gaya musu cewa son ƙungiya bai ba kowa damar tsorata matar mutum da 'ya'yansa ba. Mutumin bai yi ta surutu ba. Ya tattara yaransa suka shiga gasar fitar da gwani ta ƙungiyoyi 12, suka kawar da Tennessee, da Oregon, da Texas, sannan ranar 20 ga Janairun 2025 suka doke Notre Dame 34 da 23 a Atlanta suka ɗauko kofi. A wurina wanda ya iya tayar da yara daga irin wannan faɗuwa cikin mako uku ya gama nuna shi shugaba ne. Maƙwabcina Bature, tsohon ɗalibin jami'ar, ya yi murnar kofin har da hawaye, amma bai fasa cewa akwai bashin Michigan a wuyan Day ba.

A kakar 2025 fa aikin da sauran rina a kaba. 'Yan wasa 14 sun tafi NFL. Manyan mataimakansa biyu sun bar shi: Chip Kelly mai tsara kai hari ya koma Las Vegas Raiders ta NFL, Jim Knowles mai tsara tsaron baya ya tafi Penn State, wadda za mu kara da ita a kakar nan. An ɗaga Brian Hartline, ɗan gida, ya riƙe gaba, aka ɗauko Matt Patricia ya riƙe baya. Patricia ne ya fi sa ni tunani, domin ya daɗe a cikin ƙwararru, kuma koyar da magidanci daban yake da koyar da ɗan shekara 19. Mai jefa ƙwallon, wanda shi ne idon ƙungiya a fili, sabo ne, Julian Sayin, kafin kakar 2025 bai taɓa fara wasa a jami'a ba. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne Jeremiah Smith yana nan, yaron da in aka jefa ƙwallo sama kusa da shi sai dai a ce ya cafe, ga kuma Caleb Downs a baya a kakar ta 2025. Ina sa ran za su sake shiga cikin 12 ɗin nan. Sake ɗaukar kofi da sabbin hannu haka kuwa, ban sa rai sosai ba. Ko me suka yi dai, garin nan ranar 29 ga Nuwamban 2025 yake jira, ranar da za a je har Ann Arbor, gidan Michigan.

Wasan farko da Texas ne, wadda aka sa a matsayi na ɗaya a ƙasar, mu muna na uku, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a fara da sha biyun rana a nan, ƙarfe biyar na yamma ke nan a wurinku. Washegari Lahadi bayan azahar ɗinmu za a yi walimar, yara shida ne suka sauke, har da taka 'yar. Zan kira ka ta bidiyo in an zo karatunta, ka sa Hajiya a kusa ta sa mata albarka.