Game da ƙaninka da fim ya sa shi son gyaran waya

Malam, ka ce ƙaninka ya kalli wani fim ɗin Indiya na fassara, ya wayi gari yana cewa ya bar zaman majalisa, gyaran waya zai koya, shin a ɗauke shi da gaske? Ka ɗauke shi da gaske. Fim yana juya tunanin mutum. Mu da muka taso da kallon Indiya a Kano mun gani, ai waƙa da rawar da suka cika finafinan Kannywood ma can aka kwaso su. Abin da faɗan iyaye na shekara bai yi ba, sai ka ga kallon awa uku ya yi, don yaro ya ga talaka irinsa ya zama wani abu.

Amma zafin ba ya daɗewa. A fim, wahalar shekara biyar cikin waƙa ɗaya ake wuce ta, ana gamawa jarumi ya fito da mota. Ɗan yayata haka ya taɓa zuwa da zumuɗinsa, muka ce bari azumi ya wuce, kafin Sallah har ya manta. Da ya sake tayar da maganar, washegari na kai shi wurin wani oga a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano. Wata uku ba abin da yake yi sai shara, aike da kwance sukurori, sau biyu yana cewa ya fasa. Yanzu shi ke canza sikirin. Ka kai naka cikin satin nan, kuma tun a hanya ka gaya masa da tsintsiya zai fara.