Ga mai shirin zuwa Cranfield: wuraren tsofaffin jirage da za ka ziyarta a hutu

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a fannin injiniyan jiragen sama a Jami'ar Cranfield. Allah Ya sanya albarka. Ka tambaye ni inda ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi zai je in an yi hutu ya ga tarihin jirgin sama da idonsa, kuma ko dole sai ya shiga Landan.

Ba dole ba ne. Tarihin jirgin sama a Ingila a ƙauye yake, domin jirgi fili yake so, fili kuwa sai bayan gari. Ita kanta makarantar taku an kafa ta a 1946 a kan tsohon sansanin sojan sama, kuma har yau tana da filin jirginta. Saboda haka kana sauka ka riga ka shiga tsakiyar abin da kake nema.

Ka fara da Old Warden, inda ake ajiye tarin jiragen Shuttleworth. Daga makarantarku bai wuce tafiyar minti arba'in a mota ba. In da wuri ɗaya kawai za ka iya zuwa, nan zan tura ka. Wani matashi mai son jirage da motocin tsere, Richard Shuttleworth, shi ya fara tara su a 1928. Ya rasu a 1940 a haɗarin jirgi yana atisayen soja, sai mahaifiyarsa ta tsaya wa tarin don tunawa da shi. Abin da ya bambanta wurin da sauran shi ne jiragen ba na ado ba ne, ana tayar da su. Titin jirgin ma ciyawa ce.

A can akwai Blériot XI na 1909, jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake iya ɗagawa daga ƙasa. Irinsa ne Louis Blériot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi a watan Yulin shekarar. Ka matsa kusa ka duba shi da kyau. Katako ne da yadi da waya, ƙafafunsa kamar na keken ɗan makaranta, injinsa silinda uku. Fuka-fukansa ba su da ƴan marafan nan da jiragen yanzu ke karkata da su. In matuƙi yana son karkata, waya yake ja ta murɗa fiffiken gaba ɗaya. Ba a fito da shi sai da yamma lis, in iska ta kwanta sarai, shi ma ɗan tsalle yake yi a kan titin ya sauka. Kusa da shi akwai Blackburn na 1912, wanda injinsa duka yake juyawa tare da farfela. Irin waɗannan injinan da man zurma ake musu giris, kuma in an tayar da su ƙaurinsa har wajen ƴan kallo yake kaiwa. Akwai kuma jan jirgin nan DH.88 Comet da ya ci tseren Ingila zuwa Melbourne ta Ostireliya a 1934 cikin kimanin awa 71.

Shawarata babba a nan: kada ka tsaya a karanta allo. Yawancin masu kula da wuraren nan dattawa ne ƴan sa-kai, wasu tsofaffin makanikai, wasu tsofaffin matuƙa. Baturen Ingila ba ya fara yi wa baƙo magana, amma ka gaishe shi ka ce kai ɗalibin injiniya ne, ka tambaye shi yadda ake ɗaure yadin fiffike, za ka ga ya saki jiki yana ta bayani har ka gaji da tsayuwa. Abin da za ka ji a bakinsu ba ya cikin lacca.

A hanyar zuwa, gab da Bedford, za ka hango wasu manya-manyan rumfuna biyu a Cardington. Nan aka gina jirgin balan-balan R101. Ya tashi ranar 4 ga Oktoba 1930 zai je Karachi, ya faɗi kusa da Beauvais a Faransa cikin daren, mutum 48 daga cikin 54 suka mutu, har da ministan jiragen sama na lokacin. An ƙara masa tsawo ana gab da tafiyar, ba a gama gwada shi yadda ya kamata ba, aka matsa sai an tashi. Ba a shiga rumfunan, amma kabarin da aka haɗa mamatan yana cikin ƙauyen. Duk mai shirin sa hannu wata rana a takardar cewa jirgi lafiyarsa ƙalau, ya kamata ya tsaya a wurin.

Na biyu Duxford, kudu da Kambirij. Wannan babba ne, yini guda ba ya isa, don haka ka yi sammako ka sa takalmi mai daɗin tafiya. Filin ya samo asali tun Yaƙin Duniya na Farko, kuma rundunar da ke nan a wancan lokacin ce ta fara karɓar jirgin yaƙi na Spitfire a 1938. Za ka shiga cikin Concorde na gwaji, jirgin fasinjan nan da ya fi sauti gudu, ka ga jirgin bam B-52 da jirgin leƙen asiri SR-71 a zauren Amurkawa. Ana biyan kuɗin shiga, ranar wasan jirage kuma tikiti daban ne, ya fi tsada, kuma tun da wuri ake sayensa ta intanet.

Abin da nake so ka riƙe a ranka kana zagayawa shi ne mu ma muna cikin labarin nan, ko da allunan ba su cika faɗa ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka Kano. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ƙarƙashin Arthur Coningham, kuma da su ake fara lissafin tarihin jirgin sama a Najeriya. A Duxford akwai DH.9, wanda daga gare shi aka fitar da samfurin. Sannan daga 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi ta Gana, a haɗa su a can, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Masar. Dubban jirage suka bi hanyar, da yawansu Hurricane da Blenheim. In ka tsaya gaban Hurricane, ka san ƴan uwansa sun sha mai a Kano, kuma kakanninmu ne suka share filayen da suka sauka.

In hutun ya ɗan yi tsawo, ka haura arewa zuwa Lincolnshire, ƙasar gonaki shimfiɗaɗɗiya wadda ta cika da sansanonin jiragen bam lokacin yaƙin Hitila. A Cranwell jirgin jet na farko na Ingila ya tashi da injin Frank Whittle, ranar 15 ga Mayu 1941. A East Kirkby wasu manoma biyu wa da ƙani, Fred da Harold Panton, suka sayi jirgin bam samfurin Lancaster suka kafa gidan tarihi don tunawa da ɗan uwansu da aka kashe a harin Nuremberg a 1944. Ana tayar da injinansa huɗu ya yi tafiya a ƙasa, ƙararsa har cikin ƙirji ake jinta. A kan tudu gefen birnin Lincoln kuma akwai cibiyar tunawa da rundunar jiragen bam, da hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 31, daidai faɗin fuka-fukan Lancaster, kewaye da bangaye masu sunayen matattu. Cikin ma'aikatan jirgi kimanin 125,000, mutum 55,573 ba su dawo ba, yawancinsu sa'anninka ko ƙannenka. Akwai ɗan Najeriya a rundunar, Akin Shenbanjo, mai kula da oba-oba a jirgin Halifax, wanda ya samu lambar yabo kuma ya ga ƙarshen yaƙin. Na girmama cibiyar saboda ba ta ɓoye mata da yaran da bama-baman suka ƙone a biranen Jamus ba. Ina so ka je ka ga wannan ɓangaren ma, tunda ilimin da za ka koya shi ake ƙera jirgin fasinja da shi, shi ake ƙera na bam.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ainihin wahalar. Bas ɗin ƙauye ba shi da yawa, ranar Lahadi wani wurin ma babu shi sam. East Kirkby kuwa ba ta buɗewa ranar Lahadi. Abin da ya fi sauƙi ku haɗu ku huɗu da wani mai mota ku yi karo-karon kuɗin mai. Ka yanki katin rangwamen jirgin ƙasa na ɗalibai da zarar ka iso, yana rage kashi ɗaya bisa uku. In aljihu ya yi sanyi, gidajen tarihin sojan sama na Cosford da na Hendon kyauta ake shiga, kuma Cosford tana da tashar jirgin ƙasa kusa.

Ka tafi da guzurinka, don abincin kantunan wuraren nan bai cika rasa naman alade ba. Ka sa darduma a jaka ka tambayi ma'aikata wurin da za ka raɓe ka yi salla. In Juma'a ce, akwai masallatai a Bedford da Lincoln, da babban na Kambirij a titin Mill Road. Wasannin jirage daga wajen Mayu zuwa Oktoba ake yi, kuma a Yuni magariba sai bayan ƙarfe tara, ka lissafa da wannan da bas ɗin ƙarshe. Rigar ruwa kuwa ko rana ta take kada ka bar ta.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: wasu filayen, kamar Coningsby, har yanzu sansanin soja ne masu aiki. Ka tsaya inda aka ware wa masu kallo, kada ka taɓa shinge, kada ka tashi jirgi marar matuƙi a kusa. Kai baƙo ne mai bizar karatu, ƙaramar magana da ƴan sanda tana iya zame maka babba.

Lokacin zafi shi ne lokacin da aikin bincikenku yake kama ku, don haka kada ka bari sai ƙarshe. In ka iso a ƙarshen Satumba, duba ko da sauran wasan jirage a Old Warden kafin su rufe kakar. Ka turo min ranar saukarka. A gaida su Baba da Inna.