Zauren Marubuta: "Anti, mai awarar labarina kamarta ɗaya da 'yar fim, ya zan ƙarasa?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu biyu na ɗauko wannan watan, ɗaya daga Zariya ɗaya daga Maraɗi, masu su ba su san juna ba amma da na ajiye su gefe da gefe sai na ga kamar a ɗaki ɗaya aka rubuta su. Na cire sunaye kamar kullum.

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya fama da mu. Ni ɗaliba ce 'yar SS3 a Zariya shekarata 17, ina ɗan taɓa rubutu a waya ina turawa guruf ɗinmu na WhatsApp da kuma Wattpad, manhajar da ake ɗora labarai. Labarin da nake kai yanzu na wata yarinya ce mai suyar awara a ƙofar gida, kamarta ɗaya sak da wata babbar jarumar Kannywood, wani ya ɗauke ta bidiyo ya ɗora a TikTok kawai gari ya ɗauka. Na kai feji 22 na maƙale wallahi. Ƙawayena sun ce dole a ƙarshe a gano 'yan biyu ne aka sace ɗaya a asibiti, ni kuma abin bai kwanta min ba, to amma in ba jini ɗaya ba ne ta ya za su yi kama haka? Sannan dan Allah zan iya sa sunan jarumar na gaske, tunda ita nake gani a raina in ina rubutawa kuma na san zai ja min masu karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar WAEC, don na ga ke feji 22 ne ya dame ki ba jarrabawa ba.

Bari na fara da ta ƙarshen tunda ita ce mai sauƙi. Kar ki sa sunanta. Matar nan mutum ce mai rai, tana da uwa da uba da dangi, ke kuma labarinki kan asalin haihuwa zai faɗa, to ki ƙaddara gobe wani ya yanko feji ɗaya ya watsa a Facebook ba tare da ya ce ƙirƙira ba ce, kafin la'asar an fara cewa ashe wance ba 'yar gidansu ba ce. Wannan ɓata suna ne, in ta ga dama kotu za ta kai ki, kuma taɓa nasabar mutum ko a wajen Allah ba ƙaramin abu ba ne. Ƙirƙiro taki jarumar, ki ba ta sunan da babu mai shi a masana'antar, ki canja mata gari da irin maganarta. Za ma ki fi sakewa, don ta gaskiyar ba za ki iya sa ta yi rowa ko ƙarya ba tare da gabanki yana faɗuwa ba.

Sai maganar ko bare da bare za su yi kama kamar an tsaga kara. Ƙwarai ma kuwa. Akwai wani mai ɗaukar hoto ɗan Kanada, François Brunelle, tun 1999 aikinsa kenan, ya nemo mutum biyu da ba su haɗa komai ba amma in kin gan su sai ki rantse ciki ɗaya suka fito, ya ɗauke su tare. A 2022 wasu masu bincike a Barcelona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin Manel Esteller, suka ɗauki irin mutanen nan bibbiyu har rukuni 32, suka ba manhajojin gane fuska guda 3 hotunansu. Rukuni 16 daga ciki duk manhajojin suka ce wannan kama ce irin ta tagwaye. Da aka gwada yawunsu sai aka tarar 9 daga cikin 16 ɗin ƙwayoyin halittarsu ma sun yi kusa sosai, alhali ba 'yan uwa ba ne. Dalilin ba wani boyayye ba ne, mun haura biliyan 8 a duniya, kayan haɗa fuska kuma ba su da yawan da ba za su maimaitu ba. Kakanninmu da ba su da manhaja tuni suka gama magana, kama da wane ba ta wane.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da mu. A Bukhari da Muslim an kawo labarin mutumin da ya zo wajen Annabi (SAW) ransa a ɓace, matarsa ta haifi yaro baƙi shi kuma ba haka yake ba. Aka tambaye shi launin raƙumansa ya ce jajaye, aka ce babu mai ruwan toka a ciki, ya ce akwai, to daga ina ya samo, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi, sai aka nuna masa ɗan nasa ma haka. Kin ga kenan rashin kama ba ya cire ɗa daga gidan ubansa, kamar yadda kamar ba ta shigar da bare.

Shi yasa na ji daɗi da kika ce asibitin bai kwanta miki ba. Wannan nas ɗin da ake ba kuɗi ta ɗauke jariri cikin dare ta gaji, Allah ya sani, tun fina-finan Indiya na shekarun 1960 da 1970 take aiki ba hutu, mu kuma muka ɗauko ta muka sa mata hijabi. Musayar masu kama ma ta girme su, tun 1881 wani marubucin Amurka ya yi labarin yarima da ɗan talaka da suka canja kaya. Ba laifi ba ne ki bi tsohuwar hanya, amma mai karatunki tun feji 3 ta riga ta san inda za a, shi yasa ke kanki kika kasa ci gaba, kin gaji da labarin kafin ki rubuta shi.

In dai kina son akwai wani sirri na jini a ciki, ba sai kin je asibiti ba, ki leƙa tsakar gidajenmu kawai. Muna da riƙo, a yaye yarinya a kai ta gidan gwaggo ko inna ta tashi tana kiran wadda ta haife ta Yaya ko Anti har ta yi wayo. Muna da kunyar ɗan fari, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau tari ma kakarsa ce ke ɗauke shi. Muna da agola da ya biyo uwarsa gidan wani miji yana amsa sunan da ba na ubansa ba a rajistar makaranta. Muna da auren da ya mutu uba ya ƙwace yaro ɗaya ya bar wa uwar ɗaya, suka tashi wannan a Funtuwa wancan a Jos ba su taɓa haɗuwa ba. Duk a nan babu wanda ya saci kowa, kowa a gidan ya san maganar sai ita yarinyar kaɗai, kuma wannan ya fi sata ciwo, don ranar da ta gane ba mugu ɗaya za ta tsana ba, mutanen da take so ne gaba ɗaya suka haɗa baki suka yi shiru shekara 16.

Ko kuma, ni dai da ni ce ke, ki bar su ba su haɗa komai ba. Yarinyar ta sa rai, ta fara kallon mahaifiyarta tana laluben inda suka bambanta, ta fara jin kunyar kaskon awarar, ta bi diddigi har ta isa gaban jarumar, sai ta tarar babu komai, kama ce kawai. Daga nan sai ta juyo gida, wajen uwar da ta ji duk tambayoyin da ta riƙa yi wa maƙota. Yadda za su kalli juna a wannan daren shi ne littafin naki.

Wani abu kuma da na lura da shi a irin labaran nan da kuke turo min, sunan da yarinyar ta yi kullum daɗi ne zalla, mota, iPhone, Alhaji ya aiko. Ki tuna fuskar da ake so ba tata ba ce, aro ce. A watan Mayun 2017 wani ɗalibi a garin Hamedan na Iran mai kama da Messi ya sa rigar Barcelona mai lamba 10 ya fito, mutane suka yi masa caa da neman hoto har hanya ta toshe, ƙarshenta 'yan sanda suka tafi da shi ofishinsu suka riƙe motarsa. A New York kuma ranar 27 ga Oktoban 2024 aka yi gasar masu kama da jarumi Timothée Chalamet, kyautar dala 50 ce kacal, ana cikin yi sai ga shi da kansa ya ɓullo, nan take kyamarori suka bar masu kamar suka koma kan mai fuskar. To ki tambayi kanki, in jarumar taki ta yi abin da gari ya yi mata ca da zagi, wa za a nuna da baki a layin famfo? In mai shagon atamfa ya biya mai awara dubu 20 ta yi masa talla don mutane su zata jarumar ce, wa aka cuta? Baban yarinyar me zai ce ranar da aka tare shi da bidiyon a ƙofar masallaci? Amsa waɗannan kaɗai za su kai ki feji 40. Ki turo min in kin gama, bayan jarrabawa fa.

TAMBAYA: Anti barka da war haka, daga Maraɗi nake. Ni ba marubuciya ba ce, ɗiyata ce mai shekara 15 ta kamu da karatun irin labaran nan na an canja jariri an gano asali. Gaskiyar magana ɗiyar yayata ce da ta rasu ta bar ta tana wata 8, ni na shayar da ita tare da nawa, mahaifinta yana nan da rai amma Kawu take ce masa. Rannan tana duba madubi sai ta ce Mama wai ni da wa nake kama a gidan nan, wallahi sai da kwanon hannuna ya kusa faɗuwa. In karɓe wayar ne?

AMSA: Allah ya jiƙan yayarki Hajiya, ke kuma ya biya ki. Ki bar mata wayarta, ba ita ta kawo tambayar ba, ko babu littafi ko ɗaya yarinya mai shekara 15 sai ta tsaya gaban madubi ta yi wannan lissafin. Kuma ina kyautata zaton ta riga ta tsinci wani abu, gidan biki da gidan suna ba sa riƙe sirri.

Ki faɗa mata, da bakinki, kafin wata ta goranta mata a cikin faɗa. Haƙƙinta ne ma, aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa ta yi a kira su da sunan ubanninsu, ga maganar gado, ga waliyyin aure da ba a fi 'yan shekaru ba za a zo nema. Abin da zai sanyaya miki rai shi ne nonon da kika ba ta, ke uwarta ce ta shayarwa, 'ya'yanki 'yan uwanta ne muharramanta, wannan babu mai ƙwace shi. Ku fara zama da maigidan da mahaifin nata ku daidaita baki, ki zaɓi lokacin hutu ba tsakiyar jarrabawa ba, kuma in ta yi fushi ta daina miki magana kwana biyu ki ƙyale ta. Ranar da za ki zaunar da ita ki nemo hoton marigayiyar tun tana budurwa ki riƙe a hannu, tunda tambayar da ta yi miki kenan, da wa take kama.