Dalilin Da Ya Sa Bana Ba Za Mu Shuka Gero A Gonar Gabas Ba

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya hana mu ƙaro buhun yuriya mu sake shuka gero a gonar gabas, tunda maƙwabtanmu haka suke yi kowace damina. Abin da ya hana shi ne ƙudujin da ya mamaye ta bara, wanda wasu ke kira wuta-wuta, domin yawansa alama ce ta cewa ƙasa ta gaji. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri masu laushi kamar ƙura, kuma sukan yi fiye da shekara 10 a cikin ƙasa suna jiran saiwar gero, dawa ko masara. Kafin ka ga furensa a sama, ya riga ya gama tsotse hatsin ta ƙarƙashi.

Saboda haka bana waken suya da gyaɗa za mu zuba. Saiwarsu tana sa irin ƙudujin ya tsiro, sai ya rasa abin da zai kama ya mutu, ga kuma ƙarfin da suke bar wa ƙasa. Idan gyaɗar ta girma, ka tuge guda ka duba ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta, ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja ne, to tana yi mana aikin da muke biyan kuɗi yuriya ta yi. Harawarta kuma ta awaki ce, takinsu ya dawo gona, yadda iyayenmu suka saba kai shi da mangala a kan jaki.

Wake ma yana yi, sai dai yana da nasa ƙudujin, don haka sai an nemi iri mai jurewa ta hannun malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, mai gonar gwaji a Minjibir, ta daɗe tana koyar da kunya 2 ta hatsi da kunya 4 ta wake, kuma tsarin da nake so mu bi ke nan baɗi.

Ban ce an daina takin zamani ba. Watsa shi da ake yi a kan ƙasar da ba ta ga takin gida ba ne nake gani asara. Takin zamani cikin murfin kwalba ɗaya a gefen kowace shuka, a binne, ya fi amfani. Ƙudujin da ya fito kuwa, ka cire shi kafin ya yi iri, ka tara ka ƙone a wajen gona, kada ka yar da shi a cikin kunya.