Bindigar Aljihu a Texas: Amsa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Hajiya da yara, Allah ya ƙara tsare ku.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne Hausawan da ke Amurka suna yawo da bindiga a aljihu, in kuwa haka ne wace iri ake zaɓa, da wane harsashi. Na san inda tambayar ta samo asali. Wanda ke bin hanyar Funtua zuwa Gusau cikin ɗar-ɗar, wanda ya ji gwamnatin Zamfara a 2022 tana cewa jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, dole ya so sanin yadda ake yi a ƙasar da ake sayar da ita a kanti.

Gaskiya ne, amma ba kamar yadda ake ba ku labari ba. Yawancin mutanenmu a nan Houston ba su da bindiga, kuma ba sa so. Masu ɗauka su ne waɗanda sana'a ta ajiye a bakin haɗari: mai tsaron kantin gidan mai da dare, mai sayar da motocin hannu da ke karɓar tsabar kuɗi, direban babbar mota da ke kwana a hanya, sai wasu 'yan kwamitin tsaron masallaci. Ni ina cikin masu ɗauka. Kuma in ɗan'uwa ya zo neman shawara, ba mu fara maganar ƙarfe, takardunsa muke fara tambaya.

Tsarin mulkin Amurka ya ba da 'yancin riƙe makami tun gyara na biyu na 1791, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ita waje, lokacin da ta rushe dokar New York mai cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman. Sai dai baƙo ba ɗaya yake da ɗan ƙasa ba. Mai katin zaman dindindin yana iya saye. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi in ban da wasu 'yan togaciya, wanda ba shi da takarda kuwa babban laifi ne a same shi ko da harsashi ɗaya. Ko mai katin zaman, in kotu ta kama shi da laifin bindiga, ana iya tasa ƙeyarsa gida ya bar mata da 'ya'ya. Shi ya sa dattawanmu ke da tsanani a kan wannan: kada ka saya wa wani da sunanka, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. A kanti za ka cika fom mai lamba 4473, hukumar FBI ta duba tarihinka, kuma sai ka cika shekara 21 kafin dillali mai lasisi ya sayar maka da fistol. Ƙarya a wannan fom ɗauri ce.

A Texas tun 1 ga Satumba 2021 mai shekara 21 da ba shi da abin da ya hana shi yana iya ɗaukar fistol ba tare da lasisi ba. Duk da haka muna matsa wa namu su je su yi lasisin. Ajin awa huɗu ne zuwa shida, akwai jarrabawar harbi ta harsashi 50, kuɗin jiha dala 40. A ajin ne za ka san wuraren da ba a shiga da ita, makaranta da kotu da rumfar zaɓe, da allunan hana shiga da bindiga da masu wuri ke kafawa a ƙofa, masu lamba 30.06 da 30.07. Mu baƙaƙe ne, Musulmi, da karin harshen da ba na nan ba. Kati a hannu yana rage tsawon magana da ɗan sanda.

Yanzu ita kanta bindigar. Dalilin da ya sa ake son ta aljihu a nan zafi ne. Houston tana da zafi da gumi wata da watanni, ba mai sa kwat, kuma babbar fistol a ƙugu ƙarƙashin riga mara nauyi tana nuna kanta. Mai babbar bindiga yakan gaji ya bar ta a gida. Ƙaramar kuwa, irin Ruger LCP da ta fito a 2008, nauyinta bai kai giram 300 ba, tana cin harsashi shida a gidan harsashi da ɗaya a baki. Wadda ta biyo bayanta a 2021, LCP Max, tana cin goma, nauyin kusan ɗaya. Akwai Glock 42 da Bodyguard ta kamfanin Smith & Wesson. Duk waɗannan harsashin .380 suke ci, wanda John Browning ya ƙirƙiro a 1908. Kaurinsa milimita tara ne, daidai da na 9mm da 'yan sanda ke amfani da shi, amma kwansonsa ya fi gajarta, milimita 17 maimakon 19, albarushinsa kaɗan, ƙarfinsa ƙasa.

Abin da sabon shiga ba ya yarda da shi sai ya gwada: ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar harbi. Mariƙinta yatsa biyu kawai yake ɗauka, ƙaramin yatsa yana reto a iska. Ba ta da nauyin da zai shanye zaburar da take yi, sai ta doki tafin hannu. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajeriya ce, ɗan karkacewa kaɗan sai harsashi ya bar inda aka nufa. Na sha ganin mutum ya saya wa matarsa mafi ƙanƙanta a kanti, wai don mace ce, alhali ita ce za ta fi ba ta wahala wajen ɗanawa da harbi. Shawararmu a kullum, je filin koyon harbi, ana ba da haya, gwada uku ko huɗu kafin ka fitar da kuɗinka. Wadda ka iya samun abin da ka saita da ita, ita ce taka, ko da abokinka ya raina ta.

A 2018 kamfanin SIG ya fito da P365, mai cin harsashi goma na 9mm a jiki ƙarami, ta sauya kasuwar gaba ɗaya. Matasanmu ita suka fi so, kuma suna da hujja: ƙarfi ya fi, harsashin atisaye na 9mm ya fi na .380 araha, don haka za ka fi yawan zuwa fili. Amma nauyinta wajen rabin kilo ne tun kafin a loda ta. A aljihun wandon jins za ta zauna. A aljihun kaftani na gefe kuwa, sai ta ja rigar ta karkace, kana tafiya tana dukan cinya, kowa ya san akwai abu. Mutanen da suka rubuta littattafan koyarwa a nan ba su taɓa tunanin shadda ba, mu muka gano wannan da kanmu. Aljihun ƙirji na babbar riga ba wurin bindiga ba ne sam, domin da ka yi ruku'u bakin aljihun ya kalli ƙasa. Masu sa manyan kaya ranar Juma'a sukan sa ta a aljihun wando na ciki mai ɗamara, ko da yake kaiwa gare ta ƙarƙashin riga yana ɗaukar lokaci.

Dattawa da yawa libarba suka zaɓa, irin Smith & Wesson 642 mai harsashi biyar na .38. Ba ta da kunnen da zai maƙale a yadi, kunamarta tana da tauri don haka ba ta tashi da wasa, kuma ƙurar aljihu ba ta cika hana ta aiki ba. Harsashi biyar ne kawai, sake lodawa da jinkiri, kuma tana dukan hannu sosai. Ni dai .380 mai cin goma nake ɗauka, domin ita ce nake iya fita da ita kullum cikin kowace riga, kuma na yarda na sadaukar da ɗan ƙarfi a kan haka.

Ko wacce ka zaɓa, ba a jefa ta tsirara a aljihu. Akwai kube na musamman da ke rufe kunama ruf, bayansa yana kama yadin aljihu don in ka zaro bindiga shi ya tsaya. Wannan aljihu nata ne ita kaɗai: ba makulli, ba carbi, ba canji, ba goro. Yawancin waɗannan ƙananan ba su da makullin kariya na hannu, duk abin da ya shiga ya ja kunama, ta tashi. Limaminmu kan kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa Musulmi rauni. Yakan ce kube shi ne riƙe tsinin a zamaninmu.

Harsashi iri biyu muke saye. Na atisaye dunƙulallen kai ne mai rufin tagulla, mai araha. Na ɗauka kuwa kansa da rami, in ya shiga jiki sai ya buɗe ya tsaya. Na san jin wannan ba daɗi, kuma yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana irinsa a yaƙi. Amma 'yan sandan Amurka shi suke ɗauka, dalilin kuwa dunƙulallen yana iya ratsa mutum ya wuce ya sami wanda ke bayansa, wanda bai ci ba bai sha ba. A kantin gidan mai, bayan ɗan fashi akwai mai sayen madara. Bayan wata musayar wuta a Miami a 1986 da FBI ta rasa jami'ai biyu, hukumar ta kafa ma'auni: harsashi ya shiga daskararren abin gwaji mai kama da tsoka inci 12 zuwa 18, wato kusan santimita 30 zuwa 46. A nan matsalar .380 take. Daga ɗan gajeren bututu, wani harsashin yana buɗewa da wuri ya kasa kai inci 12, wani kuma ramin ya toshe da yadin riga ya ƙi buɗewa. Don haka masu .380 sukan nemi wanda ke buɗewa kaɗan amma ya shiga sosai. Sunayen da za ka ji a bakin mutane su ne Federal, Speer Gold Dot da Hornady. A 9mm zaɓin ya fi sauƙi. Kuma duk sunan da ke jikin kwalin, sai ka harba isasshe a bindigarka ka tabbatar ba ya maƙalewa, domin ƙananan nan suna da zaɓen abinci. Yana da tsada, kowace ƙwaya ta kan haura dala ɗaya, amma ba a rowa a nan. Jiha ma da jiha sun bambanta: New Jersey ta taƙaita mai ramin kai, kuma lasisin Texas ba ya aiki a New York. Direbobinmu na manyan motoci sun fi kowa sanin wannan.

Maganar masallaci ta raba kawunanmu. Bayan an ƙona masallacin garin Victoria a nan Texas a Janairun 2017, sannan aka kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch ta ƙasar New Zealand a Maris 2019, masallatai da dama sun sake tunani. Dokar Texas ta bar wa kowane wurin ibada ya yanke wa kansa. Wasu sun ɗauki ɗan sanda ranar Juma'a suna biyansa, sun kafa allon hani. Wasu sun yarda wa mutane ƙalilan da kwamiti ya sani. Ina tare da na biyun, da sharaɗin horo, domin sahu cike da yara ba wurin gwada sa'a ba ne, kuma wanda zai cire bindiga ya ajiye a wurin alwala bai cancanci ɗaukar ta ba.

Akwai sunaye biyu da kowane ɗan Afirka mai ɗaukar bindiga a nan ya sani. Amadou Diallo, ɗan Gini, 'yan sanda sun yi masa harbi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Bronx ta New York a 1999, abin da ya zaro daga aljihu walat ne. Philando Castile yana da lasisi, ya gaya wa ɗan sanda yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a cikin motarsa a Minnesota a 2016. Saboda haka muke koya wa juna: walat da lasisi ba sa zama gefe ɗaya da bindiga. In an tsayar da kai, kashe mota, kunna fitilar ciki, hannu biyu a kan sitiyari, faɗa da baki cewa kana da lasisi kuma tana jikinka, kada ka motsa sai an ce ka motsa.

Halin mutum ma yana cikin zaɓin. Mu mutane ne masu zafin kare mutunci, a gida in an zagi mahaifinka sai inda ƙarfinka ya ƙare. Mai bindiga a aljihu ba shi da wannan dama. An zage ka a hanya, ka wuce. An sha gabanka da mota, ka ƙyale. Ɗaga riga ka nuna ta don tsoratarwa laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku, kuma hadisi ya riga ya hana nuna ɗan'uwa da makami. Akwai waɗanda muka ce wa kai tsaye kada su saya, saboda mun san zuciyarsu. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba: a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Zaman baƙunta yana da kaɗaici da bashi da rikicin aure. In ɗan'uwa ya shiga ƙunci, mukan lallashe shi ya rabu da ita zuwa wani lokaci. Gidajenmu kuma ba sa rabuwa da yara, namu da na baƙi, ranar suna ko sallah falo ya cika. In ba a jikinka take ba, tana cikin akwatin ƙarfe mai makulli. Ƙarƙashin matashi ba ma'aji ba ne.

Sai abin da ka rubuta a ƙarshen saƙonka, ko zan iya saka ɗaya cikin motar da zan turo. Yaya, ba zan yi ba, kuma ina roƙonka kada ka nemi wani ya yi. Fitar da bindiga daga Amurka ba izini laifin tarayya ne, an ɗaure 'yan Najeriya a nan a kansa. A can kuma, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake, ba kamar bindigar farauta ba da ake nema ta hannun 'yan sanda. In aka same ta a motarka a shingen bincike, ba wanda zai tsaya jin cewa don kare iyali ne. Ban da haka, wannan 'yar bindiga an yi ta ne don ɗan fashi ɗaya a tazarar taku biyar. Ba za ta tsare maka komai ba a gaban mutum talatin a kan babura da AK-47. In kuɗin da za a kashe ne, gara mu haɗa mu ƙarasa katangar gidan Hajiya mu sa ƙofar ƙarfe, kuma ka duba maganar dawo da yara makaranta cikin gari kafin damina. Ka kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku mu yi lissafi.